Yadda Za Ka Sake Fentin Wani Sashe Na Mashin Ɗinka A Gida, Ko Da Ba Ka Taɓa Yi Ba

Yau za mu ɗan ajiye zancen manhajoji da sababbin wayoyi, mu leƙa wata na'urar da yawancinmu a Ƙaura Namoda, Shinkafi da Zurmi muke taɓawa kullum kamar yadda muke taɓa waya, wato mashin.

Duk mai yawan kallon TikTok ko YouTube ya ci karo da irin bidiyon nan na sakan 30: an ɗauko tsohon tanki mai tsatsa, an fesa masa fentin gwangwani, ya fito yana ƙyalli kamar yau aka kwance shi daga kwali. Abin da bidiyon ke yankewa shi ne kwana biyu zuwa uku na wanki da gurza da jira, kuma a nan ne ainihin aikin yake. Wanda ya tsallake waɗannan zai ga fentinsa yana ɓarewa tun wata bai zagayo ba. Ya yi asarar kuɗin gwangwani, sannan dole ya kankare abin da ya fesa kafin ya sake sabon lale.

Wannan rubutu na wanda bai taɓa riƙe gwangwanin fenti ba ne. Za mu ga yadda fenti ke kama jiki, da wane sashe ya kamata a fara, matakan aikin ɗaya bayan ɗaya, da kuma abubuwa biyu da suka fi kyan launi muhimmanci a yankinmu: lafiyar mutanen gida, da abin da za ka tarar a shingen bincike.

Me ke kashe fentin mashin a nan?

Abu na farko rana ce. Haskenta na ɗauke da wani sashe da ido ba ya gani, wanda masana ke kira UV, kuma shi ke karya sinadaran da ke riƙe launi. Shi ya sa jan Boxer da ke yini a bakin tasha yake komawa kamar ruwan hoda bayan 'yan shekaru. Na biyu ƙura ce. Wanda ke bin hanyar Ƙaura zuwa Zurmi, ko ya ratsa Moriki zuwa Shinkafi, ya san irin ƙurar da ke kwanciya a jikin mashin, kuma duk lokacin da aka share ta da busasshen tsumma, tamkar an goga samfefa ne a kan fentin. Na uku fetur. Idan ɗan bumburutu ya ɗura maka mai daga kwalba, da wuya wani abu bai zuba a bakin tanki ba, kuma fetur na narkar da wasu nau'o'in fenti. Na huɗu ruwan damina, wanda ke shiga duk inda fenti ya ƙwarzane ya haifar da tsatsa a ƙarƙashinsa.

Fenti hawa-hawa ne

Mu da ke rubuta manhaja mun san cewa manhajar da kake gani a fuskar waya tana zaune ne a kan Android, shi kuma yana zaune a kan kayan ƙarfen wayar. Idan na ƙasa ya samu matsala, na sama ba zai tsaya ba. Haka fenti yake. A ƙasa akwai jikin abin, ƙarfe ko roba. A kansa ana shimfiɗa fentin farko da masu sana'ar ke kira firaima, wanda aikinsa shi ne ya kama jiki, ya cike ƙananan ƙwarzane, ya kuma tare tsatsa. Sai launi ya hau kan firaima. Daga ƙarshe a rufe da kiliya, wato fenti garai-garai marar launi mai ba da ƙyalli da kariya daga rana.

Fenti yana kama jiki ne idan ya samu ƙananan layukan da samfefa ta bari ya shige cikinsu, kuma bai tarar da maiƙo tsakaninsa da jikin ba. Wuri mai santsi da ƙyalli ba shi da inda fenti zai riƙe. Wuri mai maiƙo kuwa korar fenti yake yi.

Shi kansa gwangwanin feshin, wani Ba'amurke mai suna Edward Seymour ne ya fara zuba fenti a cikinsa a shekarar 1949 a jihar Illinois. Abubuwa uku ne a ciki: launin, ruwan sinadarin da ya narkar da shi mai kama da tina, da iskar gas mai tura shi waje, wadda sau da yawa dangin gas ɗin girki ce. Ƙarar da kake ji idan ka girgiza ta ƙaramin ƙwallo ce da aka saka don ta gauraya launin da ya kwanta a ƙasa. Ka riƙe wannan bayani, domin shi zai fahimtar da kai dalilin da ya sa zafi da wuta suke da haɗari a wannan aiki.

Da wane sashe za a fara?

Ka fara da murfin gefe, wanda ke rufe batir ko matatar iska. Ƙarami ne, da sukundireba kaɗai ake cire shi, fetur ba ya yawan zuba a kansa, ba ya yin zafi, kuma idan aikin bai yi kyau ba kana iya sayen wani a wajen masu kayan gyara ba tare da ka ajiye mashin ba. Wannan na da muhimmanci ga ɗan kabu-kabu, wanda kowace rana da mashin ya kwana a gida asara ce. Bayan murfin gefe, sai abin tare taɓo na saman tayar gaba. Tanki da salansa suna da nasu sharuɗɗan, za mu zo kansu.

Kafin ka sayi komai, ka gano da me aka yi sashen. Idan ƙarfe ne, maganaɗisu zai kama shi. Idan roba ce, kamar yawancin jikin mashin roba-roba, ka juya cikinta ka duba. Kamfanoni sukan buga haruffa a wurin, mafi yawa ABS ko PP. Robar ABS tana karɓar fenti ba wahala, sai dai tina na cinye ta, don haka kada ka goge ta da shi. Robar PP kuwa fenti ba ya son zama a kanta, sai an fara fesa mata firaimar roba ta musamman. Idan ba ka ga haruffan ba, ka yanki ɗan siririn ɓarɓashi daga ciki da reza ka jefa a kofin ruwa. PP ta fi ruwa sauƙi, za ta taso sama. ABS za ta nutse.

Kayan da za ka tanada

Samfefa: lambar da ke bayanta ita ce ke nuna kaushinta. Ƙaramar lamba ta fi kaushi, babba ta fi laushi. Kana buƙatar P120 don tsatsa, P240 da P400 don daidaita wuri, P800 don gyara firaima. Ka nemi irin wadda ake jiƙawa da ruwa.

Gwangwanaye: firaima ɗaya, launi ɗaya, kiliya ɗaya. Gwangwani mai mililita 400 yakan rufe murabba'in mita 1 zuwa 2, wanda ya ishi murafun gefe biyu. Ka yi ƙoƙari dukkansu su zama na kamfani ɗaya, saboda sinadarin wani fentin yakan narkar da na wani.

Sauran kaya: omo, bokiti, tsumma mai tsabta marar zubar da zare, salatif na takarda, tsohuwar jarida, babban kwali irin na firji ko talabijin, wayar ƙarfe don rataya, safar hannu, tabarau da takunkumi.

Game da launi, kada ka dogara da hoton waya. Fuskar waya tana haɗa launi ne da hasken ja da kore da shuɗi, kuma kowace waya da yadda take nuna shi. Ja ɗin da ka gani a Tecno zai iya bambanta da wanda ke Samsung, balle wanda ke cikin gwangwani. Ka ɗauki sashen da kansa ka je da shi shago, ka kwatanta a hasken rana. Idan ba ka samu firaimar roba ko kiliya a garinku ba, ka ba direban Gusau saƙo maimakon ka yi aikin babu su.

Lokaci da wuri

Yawancin kamfanonin fentin gwangwani suna ba da shawarar a yi feshi idan zafi bai wuce digiri 30 da 'yan kai ba. A watannin Maris zuwa Mayu kuwa, zafin rana a arewacin Zamfara yakan kai digiri 40. A irin wannan zafi, ruwan sinadarin yana bushewa a iska tun fentin bai isa jiki ba, sai ya sauka kamar yashi. Saboda haka da bazara ka yi feshi da sassafe, a inuwa, kuma sashen da kansa ya kasance a sanyaye. Haka nan kada ka bar gwangwani a rana ko cikin mota. A jikinsa an rubuta kada zafinsa ya wuce digiri 50, domin yana iya fashewa.

Da damina matsalar laima ce. Yayin da sinadarin ke tashi yana sanyaya fuskar fentin, sai raɓa ta kwanta a kai ya yi fari-fari. Ka jira ranar da gari ya washe, hantsi ya ɗaga. Da hunturu kuma ƙura ce ke sauka a kan ɗanyen fenti. Lokacin da ya fi daɗin aikin shi ne bayan ɗaukewar ruwa, daga Oktoba zuwa farkon Nuwamba, kafin hazo ya sauko. Manhajar yanayi da ke wayarka tana nuna zafi da laima da ƙarfin iska awa bayan awa. Ka duba ta tun da dare ka zaɓi lokacinka.

Wurin aiki ya zama rumfa ko inuwar da iska ke ratsawa, nesa da murhu, risho, janareta da mai shan sigari. Kada ka yi feshi a cikin ɗaki a rufe. Ka yayyafa ruwa a ƙasa don ƙura ta kwanta, ka buɗe gefe ɗaya na kwalin nan ka rataye sashen a ciki da wayar ƙarfe.

Matakan aikin

Na ɗaya, hoto. Kafin ka kwance komai, ka ɗauki hoton sashen ta kowace fuska, har da inda kowane noti yake. Ka zuba notukan a gwangwanin madara.

Na biyu, cire sitika da wanki. Ka ɗan ajiye sashen a rana sitikar ta yi laushi, ka ɓare ta, ka goge ragowar gam da ɗan kananzir. Sannan ka wanke da omo da ruwan ɗumi sau biyu. Wanki yana zuwa ne kafin samfefa, domin idan ka gurza wuri mai maiƙo, cusa maiƙon kake yi cikin layukan. Ga gwaji mai sauƙi da za ka maimaita bayan gurza: ka zuba ruwa a kai. Idan ya bazu ya kwanta bai-ɗaya, wurin ya fita. Idan ya dunƙule ya zama ɗigo-ɗigo, da sauran maiƙo.

Na uku, gurza. Idan tsohon fentin yana nan daram, ba sai ka cire shi duka ba. Ka jiƙa P400 ka gurza har ƙyallin ya mutu ko'ina, har da lunguna da gefuna, don daga nan ne ɓarewa ke farawa. Inda akwai tsatsa, ka bi da P120 har ka ga farin ƙarfe, sannan P240, sannan P400, ka kwantar da bakin tsohon fentin yadda yatsa ba zai ji tudu ba. Roba kuwa kada ka sa mata samfefa mai kaushi, takan tayar mata da gashi. Ka kunna tocilar wayarka ka haska daga gefe, a kwance. Duk ƙwarzane da ramin da ido bai gani ba zai fito da inuwarsa.

Na huɗu, busarwa da rufewa. Ka ɗauraye, ka goge, ka bari ya bushe sarai. Ƙarfen da aka gurza ya fito fili yakan fara tsatsa cikin awoyi, don haka a ranar za ka sa masa firaima. Ka rufe duk inda ba ka son fenti da salatif da jarida. Daga nan kada ka ƙara taɓa fuskar da hannu tsirara, saboda maiƙon yatsa ma yana hana fenti kamawa.

Na biyar, gwaji. Babu mai rubuta manhaja da ke sakin ta ga jama'a bai gwada ba. Ka samu wani yankin roba ko gwangwanin da ka gurza, ka riƙa fesa masa duk abin da za ka fesa wa sashen, a lokaci guda. A kansa za ka koyi motsin hannu, kuma shi za ka riƙa taɓawa don ka san ko fenti ya bushe.

Na shida, firaima. Ka girgiza gwangwani na tsawon minti 2 bayan ka fara jin ƙarar ƙwallon. Ka riƙe shi santimita 20 zuwa 30 daga sashen, wato taƙi ɗaya da ɗan ƙari. Ka danna tun kafin ka iso kan sashen, ka wuce da hannu a miƙe da gudu iri ɗaya, ka saki bayan ka fita ɗaya gefen. Kowane layi ya hau rabin wanda ya gabace shi. Ka fara da gefuna, sannan tsakiya. Shafi biyu marasa kauri sun isa, da tazarar minti 10 zuwa 15. Ka saita agogon waya, domin ido yakan ce ya bushe alhali bai bushe ba. Washegari ka jiƙa P800 ka shafa a hankali har ya yi sumul, ka goge ka busar.

Na bakwai, launi. Shafin farko ya zama kamar hazo, kana hango firaima ta ƙarƙashinsa. Nan ne sababbin hannu ke ƙosawa su danna har sai launi ya rufe, fentin kuma ya fara zubar da hawaye. Ka yi haƙuri. Shafi na biyu zai rufe mafi yawa, na uku ya kammala. Ka karanta abin da aka rubuta a gwangwani game da lokacin ƙara shafi. Wasu fentukan sukan ce a ƙara cikin awa 1, in ya wuce haka a jira awa 48, kuma wanda ya fesa a tsakanin nan zai ga fentin ya yamutse. Idan rubutun da Sinanci ne ko wani harshen da ba ka ji, ka ɗora masa kyamarar Google Lens ta fassara maka.

Na takwas, kiliya. Shafi biyu ko uku, na ƙarshen ya ɗan fi jiƙa don ya kwanta ya yi ƙyalli. Idan launinka mai ƙyalƙyalin ƙarfe ne, kada ka sa masa samfefa kafin kiliya, zai yi dabbare-dabbare. Da ka gama da kowane gwangwani, ka kifa shi ka danna na 'yan sakanni har iska kaɗai ke fita, don kada bakinsa ya toshe.

Na tara, jira. Fenti yakan daina kama yatsa cikin awa ɗaya, amma cikinsa ɗanye ne. Ka ba shi aƙalla awa 24 kafin ka ɗauka, kwana biyu zuwa uku kafin ka ɗaura, kuma kada ka wanke shi da omo sai bayan mako guda. Ka danna farce a kan abin gwajinka. Idan ya bar shaida, da sauran lokaci. Don ka san ko fentin ya kama da gaske, ka tsaga ƙananan layuka a gicciye da reza a kan abin gwajin, ka manna salatif ka fizge. Idan fenti ya biyo salatif, akwai gyara a wanki ko gurza ko firaima.

Idan an samu matsala

Kowace matsala tana nuna dalilinta. Hawaye na nufin ka matso kusa ko hannunka ya tsaya wuri ɗaya. Kada ka goge shi yana ɗanye. Ka bari ya bushe kwana biyu, ka kwantar da shi da P800, ka sake shafi. Kaushi kamar yashi na nufin ka yi nisa ko gari ya yi zafi. Gurji-gurji kamar bawon lemu yakan zo daga ƙarancin girgiza ko fentin da bai samu jiƙar da zai kwanta ba. Ƙananan ramuka masu zagaye alamar maiƙo ne ko man goge mashin da bai fita ba. Yamutsewa kuwa rikici ne tsakanin sabon fenti da na ƙarƙashinsa. Ɓarewa falle-falle daga roba, mafi yawan lokuta PP ce da ba a sa mata firaimarta ba.

Tanki da salansa

Fentin gwangwani na yau da kullum, wanda ake kira 1K, yana bushewa ne kawai ta hanyar tashin sinadarinsa, don haka fetur na iya sake jiƙa shi. Wanda ke jure fetur shi ne 2K, wanda ake haɗawa da wani ruwa mai ƙarfafa shi, su biyun su ƙulle su zama abu ɗaya. Sai dai wannan ruwa yana ɗauke da sinadarin da ke haddasa asma, kuma takunkumin yadi ba ya tare shi ko kaɗan. Shawarata ita ce ka yi wanki da gurza da kanka, ka kai wa masu fentin mota su fesa launi da kiliya. Kuɗin aikin zai ragu tunda ka ɗauke musu sashen da ya fi cin lokaci.

Ka kuma sani cewa tankin da aka juye mansa bai zama marar haɗari ba. Tururin fetur da ya gauraya da iska a ciki shi ne ke fashewa. Kada ka kusantar da shi ga wuta, injin gurza mai tartsatsi ko walda. Salansa kuwa tana yin zafin da fentin yau da kullum zai ƙone ya tashi. Tana buƙatar fentin da aka rubuta yana jure digiri 600 ko kusa da haka, wanda ake fesawa a kan ƙarfe tsirara, kuma zafin injin ne ke ƙarasa gasa shi.

Lafiyar mutanen gida

Mu 'yan Zamfara ba ma buƙatar dogon bayani a kan gubar dalma. A shekarar 2010 aka gano ta a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, inda niƙan duwatsun zinare a cikin gidaje ya bar ƙura mai dalma, yara sama da 400 suka rasu, ƙungiyar likitoci ta MSF ta shafe shekaru tana jinyar waɗanda suka rayu. Abin da da yawa ba su sani ba shi ne an daɗe ana amfani da sinadaran dalma wajen haɗa wasu fentukan mai, musamman rawaya, ja da ruwan lemu. Ido ba ya bambance fenti mai dalma da marar ita, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jiki da aka san ba shi da illa.

Don haka ka ɗauki ƙurar tsohon fenti a matsayin guba. Ka gurza da ruwa domin ƙura kada ta tashi. Ka shimfiɗa leda a ƙasa ka tattara dattin, kada ka zubar da ruwan inda yara ke wasa, kusa da rijiya ko inda kaji da awaki ke sha. Yara da mata masu juna biyu su yi nesa da wurin. Ka canza kaya ka wanke hannu kafin ka ci abinci ko ka ɗauki yaro. Lokacin feshi ka tsaya ta inda iska ke fitowa, kuma idan ka ji jiri ko ciwon kai, ka ajiye gwangwani ka fita sarari. Gwangwanin da ya ƙare ma kada a jefa shi cikin sharar da za a ƙona, ko a bar wa yara su huda.

Launi, takardu da shingen bincike

A yankinmu mashin abu ne da jami'an tsaro ke sa wa ido sosai, saboda amfanin da 'yan bindiga ke yi da shi. A 2021 gwamnatin jiha ta taƙaita zirga-zirgar mashina da dare, a watan Satumban shekarar aka rufe layukan waya, a 2024 kuma aka sake kafa dokar hana hawan mashin daga ƙarfe 8 na dare zuwa 6 na safe. A irin wannan yanayi, mashin ɗin da takardunsa suka ce ja ne amma ana ganinsa baƙi zai jawo wa mai shi tambayoyin da bai shirya musu ba. Sake launi na daga cikin hanyoyin da ɓarayi ke ɓatar da kamannin mashin ɗin sata, kuma jami'ai sun san haka.

Ka mayar da sashen launinsa na asali. Idan kana son canza launin mashin gaba ɗaya, ka fara zuwa ofishin da ya yi masa rajista a gyara takardu. Kada fenti ko samfefa su taɓa lambar shasi da aka buga a ƙarfen wuyan mashin, da lambar injin, da lambar rajista, da fitilu. Lambar da ta yi alamar an gurje ta ta fi launi jawo zargi. Ka guji koren sojoji da zanen kakinsu: tun 1977 akwai dokar tarayya da ta hana farar hula fenta abin hawa da koren soja. Ka ajiye a wayarka hoton mashin kafin aiki da bayansa, da hoton lambobin nan da na rasit, a cikin wayar kanta, don ka iya nunawa ko babu sabis. Idan kuma hannunka ya faɗa har abokai suka fara kawo maka nasu, kada ka karɓi aikin canza launin mashin ɗin da ba ka ga takardunsa ba.

Lissafi kafin ka fara

Ka tambayi kuɗin gwangwani uku da samfefa, ka tambayi kuɗin sabon murfin gefe, ka kuma tambayi abin da mai fenti zai karɓa. Wani lokaci sabon murfin ya fi araha, musamman na Boxer da kayansa suka cika kasuwa. Yin aikin da kanka ya fi riba idan sashen na asali ne mai ƙwari wanda irinsa ke wuyar samu, ko kana da sassa da yawa da gwangwanayen za su isa, ko kuma koyon kake so. Idan ka yanke shawarar gwadawa, ka sauke bidiyon da za ka bi tun kana da sabis, ka sa wayar cikin leda lokacin feshi don kada hazon fenti ya sauka a kan kyamara, ka ware kwana uku, ka fara da murfin gefe guda ɗaya.

Allah Ya ba da sa'a, Ya kuma zaunar mana da yankinmu lafiya. Sai mun haɗu a rubutu na gaba.